Ta yafe min ranar Laraba, ta janye ranar Juma'a

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Ina aji biyar a sakandare. Makon jiya wani saƙon murya ya zaga wayoyin unguwarmu, wai wani tauraro zai faɗo wa duniya ranar Alhamis da la'asar, komai ya ƙare. Babana ya ce shirme ne. Malamin kimiyya ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma a ajinmu kuka ake ta yi ana neman gafarar juna, har wadda ta ari biro tun bara ta dawo da shi. Ni ma tsoro ya kama ni, domin akwai abin da na binne.

Zangon da ya wuce, ni na fasa na'urar duba ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje. Ba wanda ya gan ni. Makullin ɗakin yana hannun wadda muke zama tebur ɗaya, muna kiranta Doguwa, sai laifin ya faɗa kanta. Aka tsayar da ita a gaban taron safe, aka karɓe makullin, aka ba ni, wai ni ce mai natsuwa. Na karɓa na sa a aljihu.

Ranar Laraba na rubuta komai a takarda, na sa hannu, na tura mata ta ƙarƙashin tebur. Ta karanta, ta rungume ni, ta ce ta yafe duniya da lahira.

Alhamis ta zo ta wuce, ko hadari bai haɗu ba. Juma'a da safe Doguwa ta janye kujerarta daga tawa. Ta ce waccan yafiyar ta mai shirin mutuwa ce, yanzu kuwa tana raye. Ko in je wa shugabar makaranta da bakina kafin wata ya mutu, ko ta kai takardar da kanta. Ƙawayenta sun sa min suna Tauraruwa, in na shigo aji sai su buya ƙarƙashin tebur.

Anti, wannan ba mugunta ba ce? Ana lashe amai? Da ban faɗa ba, har gobe ba za ta sani ba. Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi saƙon nan. Har na fara tunanin zare takardar daga jakarta idan an fita hutun tara.

'Yar layin gaba

'Yata, ki cire hannunki daga jakar mutane. Kin fasa na'ura, kin bari an ci mutuncin wata, kada ki ƙara da sata.

Doguwa da ƙawayenta ba su kyauta ba da tsokanar, kuma yafiya ba riga ba ce da za a ara a karɓe. Mai saƙon nan ma maƙaryaci ne, ba wanda ya san ranar sai Allah. Amma ba shi ya fasa na'urar ba.

Ki duba lokacin da kika zaɓa. Wata da watanni kina zaune kusa da ita da makullinta a aljihunki, ba ki yi magana ba sai ranar da kika ɗauka babu gobe, babu shugaba, babu taron safe. Kanki kika nema wa mafita, ba ita ba. A gaban makaranta aka ɓata sunanta, takarda ta ƙarƙashin tebur ba za ta wanke shi ba.

Ki fara gaya wa babanki yau, ki roƙe shi ya raka ki. Tunda baki yana miki nauyi, ki sake rubutawa, ki miƙa wa shugaba tare da makullin, ki nemi a wanke Doguwa a inda aka kunyata ta. Za a hukunta ki, za ki ji kunya, kuma ba za ki mutu ba. Ko ta dawo da kujerarta ko ba ta dawo ba, wannan nata ne.

Duniya ba ta tashi ba, saboda haka kina da gobe. Ki je da safe. Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Anti