Ba Habu Ne Ya Ɗaure Igiyar Ba

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, tare da duk masu karatu. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Don girman Allah kada a nemi sanin ko ni wace ce, sunayen yaran ma na canza su. Kuma ina roƙo kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshen takardar nan. Shawara nake nema, kwana shida kaɗai suka rage mini.

Ni malamar firamare ce. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ina koyarwa a garinmu Salaga, ina budurwa 'yar shekara ashirin da biyu, sai hedimasta ya ɗora mini kula da ƙananan 'yan sikawut, wato yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha ɗaya, domin malamin da ke riƙe da su an mayar da shi Bimbilla. Ban taɓa zuwa horo ba ko na yini ɗaya. Ɗan littafi aka miƙa mini da usur, shi ke nan. Waƙa da fareti na iya, amma ɗaurin igiya, wanda shi ne abin taƙamar yaran, ban iya ba, girman kai kuma ya hana ni faɗa. Sai in kira Habu ya nuna wa 'yan'uwansa, ni kuwa in tsaya ina gyaɗa kai kamar mai duba aiki. Habu shekararsa goma, ɗan wani mai sayar da doya ne, shi ne shugaban rukuninsu na yara shida. Ƙaraminsu kuma Iliyasu, ɗan wani Alhaji mai fataucin hatsi, ɗan firit da shi, ƙyallen wuyansa har cibiya yake kai masa.

Wata Asabar da hantsi, cikin bazara, na fita da rukunin nan bayan gari don su koyi bin sawu. Muka iske ɗaya daga cikin tsofaffin rijiyoyin da Salaga ta cika da su, ta ƙafe ƙaf, zurfinta zai yi gaba huɗu. Na sunkuya ina leƙawa, usur ɗin ya zame daga wuyana ya faɗa ciki. Usur fa, jama'a! Me ya hana in bar shi? Tsoron faɗan hedimasta ne, da son in burge yara. Na ce tunda muna da igiya, a zura mafi ƙanƙanta ya ɗauko. Iliyasu har tsalle yake don murna.

Habu ya ɗaura masa igiyar a ƙirji da irin ɗaurin da ba ya zamewa, sannan ya ja sauran yaran huɗu suka tafi ɗaure ɗaya bakin a gindin ɗorawa. Da na duba sai na ga kamar ɗaurin ya yi sako-sako, har hannuna yana shiga. Ban san haka ake yinsa ba don kada ya shaƙe mutum. Na kwance shi, na sake ɗaurewa yadda muke ɗaure itacen girki. Iliyasu ya bi hannuna da kallo ya ce, "Madam, ba haka Habu yake yi ba." Na ce ya rufe mini baki, tsakanina da Habu wa ke koyar da wani?

Bai kai rabin rijiyar ba igiyar ta dawo hannunmu ba nauyi. Ƙarar da na ji daga ƙasa har yau tana kunnena, ba na son in kwatanta ta. Wasu manoma ne suka ji kukan yaran suka zo suka fito da shi, ba ya motsi. Ya yi kwanaki a babban asibiti bai san inda yake ba, da ya farfaɗo aka ce ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafunsa ba za su ƙara ɗaukarsa ba.

Ran Litinin aka tara mu a ofishin hedimasta. Na amsa cewa ni na ba da izinin sauka, wannan kam ba ya ɓoyuwa. Alhaji bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi, wa ya ɗaure igiyar? Habu ya miƙe cikin kayan sikawut ɗinsa ya ce, "Ni ne, Baba." Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Haka ne, Madam?" Na ce, "Haka ne." Ni da nake sa su ɗaga yatsu biyu kowane mako suna alkawarin faɗin gaskiya! Yaro ɗan shekara goma ya cika nasa alkawarin, ni na ɓuya a bayansa.

Takardar gargaɗi kawai aka ba ni, aka karɓe sikawut daga hannuna. Habu kuwa unguwarmu ta Zango ta gagare shi zama. Yara na binsa suna cewa ga wanda ya karya ɗan Alhaji, mata na janye 'ya'yansu idan ya zo wucewa. Ubansa ya cire shi daga makaranta ya tura shi wurin kawunsa a Bawku, yaron da ke zuwa na ɗaya a aji. Iliyasu an ce ba ya tuna komai na ranar. Sau ɗaya na je duba shi, yana ganina ya juya fuskarsa bango, ban sake komawa ba. Bayan shekara na yi aure a Yendi. Ina nan da 'ya'ya uku, mijina bai san ko kalma ɗaya ba.

Ranar Alhamis da ta wuce ana tashi daga makaranta aka ce ina da baƙo. Wani dogon saurayi ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Madam, ba ki gane ni ba? Habunki ne." Muka zauna a inuwar mangwaro ya ba ni labari. Ya fara aikin yaron mota a Bawku, aka sallame shi, domin duk sanda aka miƙa masa igiya ya ɗaure kaya sai hannunsa ya kama kyarma. Ya koma ya koyi ɗinki. Mahaifiyarsa ta rasu a Salaga, sai bayan an rufe ta labari ya kai masa. Ya ce ya daɗe yana maimaita ɗaurin nan a ransa yana neman inda ya kuskure, har yau bai gano ba. Sannan ya yi mini godiya, wai ni kaɗai ce ban taɓa zaginsa ba a lokacin. Ina zan sa kaina, jama'a?

Yanzu ya sami matar aure, amma ya yi rantsuwa ba za a ɗaura ba sai ya je ya durƙusa gaban Iliyasu da Alhaji ya nemi gafara. Ya rubuta wa Iliyasu, wanda yanzu yake zama a shagon hatsin ubansa a kan keken guragu, amsa kuma ta zo. Ya zaro takardar ya miƙa mini. Layi biyu ne: "Ka zo, ƙofa a buɗe take. Amma kada ka zo sai da Madam, akwai tambayar da zan yi mata a gabanka." Habu murna yake yi, a zatonsa shaida ake so in yi masa. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce to. Ran Asabar zai biyo ta Yendi mu shiga lori tare.

Washegari Juma'a ina rubutu a allo alli ya faɗi daga hannuna sau uku, har yara suka tambaya ko ba ni da lafiya. Iliyasu ya tuna ke nan? Tun yaushe? Ko dama bai taɓa mantawa ba, shekara goma sha ɗaya yana jira in zo da ƙafata? Idan na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Habu, wa zai mayar masa da karatunsa da uwarsa? Me Alhaji zai yi mini? Gidan iyayena yana layi ɗaya da nasa, tsofaffi ne, hawan jini gare su. Mijina fa, da aikina? Idan na ce ciwo ya kama ni na ƙi zuwa, Habu zai je ya durƙusa kan laifin da bai yi ba, ko kuma ya ji daga bakin Iliyasu ba daga nawa ba. Idan kuma na mutu a haka, me zan ce wa Ubangijina?

Wani lokaci in ce in tafi Bawku kafin Asabar in faɗa wa Habu shi kaɗai. Wani lokaci in ce mijina zan fara faɗa wa. Sau biyu ina buɗe baki a gabansa, sai in ji kaina ina tambayarsa ko a ƙara masa miya.

Don Allah ku taimake ni kafin lorin nan ya tashi. Me zan yi?