Ƙaramar Hukuma Ce Ta Raine Ni, Wa Zai Ba Da Aurena?

Anti Nasira, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake. A gidan marayu na ƙaramar hukumarmu na tashi, ban san uwa ba, ban san uba ba. Duk Sallah sai ciyaman ya zo da shinkafa da masu ɗaukar hoto, ya dafa kawunanmu ya ce shi ne ubanmu. Duk ciyaman ɗin da aka yi sai da na kira shi Baba, wallahi har cikin zuciyata.

Yanzu ina Doha, ina aikin shara da goge-goge a wata makaranta a Al Wukair. Allah ya haɗa ni da Mubarik, direba ne ɗan jiharmu, kuma ban ɓoye masa komai ba. Wata mai zuwa zai je gida hutu, kawunsa ya ce a faɗa musu gidan da za su je neman aure, da wanda zai ba da ni. Na kira ofishin jin daɗin jama'a, sabon jami'in ya ce tun da na cika sha takwas na fita daga hannunsu, ya kashe waya. Ashe uban ma wa'adi gare shi! Kafil ɗina na nan, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya fi su sanin halin da nake ciki. Ga kawun ya fara cewa su ba sa ɗauko mata a titi. In hutun nan ya wuce, na san shi ke nan. Ina zan tura su?

'Yar Hukuma, Doha

'Yata, kina da gaskiyar jin haushi. Sun ci da ke, sun sa ki makaranta, wannan ba a mantawa. Amma wanda ya ce a kira shi Baba ba ya zare hannu ranar da ake neman waliyyi. Abin kunya ne, kuma nasu ne, ba naki ba.

Kawun ma kada ki ɗauke shi maƙiyi. Kalmarsa ta yi zafi, amma so yake ya san wanda zai je wa idan aure ya samu matsala.

Ki daina bin ofis. Ki nemi matar da ta raine ki a gidan, ta kai magana wurin mai unguwa da liman, su za su karɓi baƙi. Wadda ba ta da waliyyi kuwa, shari'a ta ba alƙali wannan matsayi. Mubarik ya faɗa wa kawunsa haka da bakinsa, tun kafin ya hau jirgi.

In an ɗaura, ki bar wa 'yan matan gidan lambar wayarki. Gobe su ma za a tambaye su manyansu, su ce ga Yaya a Doha. Allah ya sa alheri.

Anti Nasira