Fuskar Baffanku Maliki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ne Abdulrahman Baduku na Yelwan Yauri. Hannuwana sun daina jin maganata, shi ya sa limamin unguwa yake rubuta abin da nake faɗa, amma kaina garau yake, kuma ba wanda ya sa mini magana a baki. Takardar nan taku ce, Sufyanu da Murja, ku biyun da Allah ya bar mini.

Na ɗaya. Gida da gonar shinkafa ta hanyar Shanga a raba su yadda shari'a ta ce, ba ni da ta cewa. Innarku Yalwa dai kada wanda ya tashe ta daga ɗakinta, ko da sunan za a gyara mata shi.

Na biyu. Kayan rumfa na riga na ba da su kyauta gaban shaidu. Sufyanu, fuskokin itace goma sha ɗaya da muke ɗora jiƙaƙƙiyar fata a kansu naka ne. Daga kaina na sassaƙa su, ba su yi kama da kowa ba, ka sayar da abin da ya fito daga kansu duk inda ka so. Kai ka nemo mana 'yan wasan kwaikwayo da masu rataya kaya a bango ta wayarka. Na yi maka dariya a lokacin, na ce wa zai sayi fuskar da ba ta ci ba ta sha, sai ga shi da ita muka canza rufin gida. Murja, ƙahon dannawa da aska da basilla da tukunyar jiƙo naki ne. Tun kina shekara tara kike gane ɗumin ruwan da fata take so, ni kuwa sai da na ƙona kirgi uku kafin na gane.

Na uku, kuma saboda shi na kira liman. Fuskar yumɓun nan da kuke rigima a kanta ba ta cikin gado, domin ba tawa ba ce. Ta ƙanena ce, Baffanku Maliki.

Kuna ƙanana abin ya faru, bari in faɗa muku dalla-dalla. Yana jigilar kifi daga Wara a jirgin inji, jarkar fetur ta kama da wuta. Allah ya tsare masa idanu da goshi, amma daga nan zuwa haɓa wuta ta cinye. Ya warke, ya shiga ɗaki ya ƙi fita. Shekara uku mutumin da duk bakin ruwa ya san dariyarsa bai taka ko masallaci ba. Ni a lokacin kuben wuƙa nake yi. Wata rana ina danna jiƙaƙƙiyar fata a kan itace, sai na ce abin da ya iya ɗaukar siffar wuƙa me zai hana shi ɗaukar ta mutum? Na je Wara na auna shi da zare yana kau da kai, sauran na cike daga abin da na tuna, na gina fuskar da yumɓu, wata mai tukwane ta gasa mini.

Ta farko na jiƙa fatar a tafasasshen ruwa, ta ƙanƙance kamar kilishi. Sai a ta huɗu na dace. Ta fito sumul, na shafe ta da kakin zuma, na kai masa ina ta jin kaina. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya miƙo mini ya ce, "Wagga huskar wani ta. Kai mishi abinai." Haushi ya kama ni har na yi kwana biyu ban taɓa fata ba. Daga baya ina alwala na shafa kumatuna, na ji tsagar gidanmu, uku nan uku nan. Na yi masa hanci, na yi masa baki, na manta ɗan gidan wa ne. Na sake jiƙa wata, tun tana ɗanya na ja tsagar da bakin ƙaho. Goshi na bar shi a buɗe don sujada. Ranar Juma'a ya ɗaura ta muka fita. Wata tsohuwa mai kifi ta hango shi daga nesa ta ce, "Maliki, ashe kana nan?" A tsakiyar hanya na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

To wannan yumɓun ne, Sufyanu, ka ɗauki hotonsa bara, aka ce ka yi guda ashirin irinsa. Na san ba mugunta ba ce. Ka tashi kana ganinsa a rumfa, ka ɗauka ɗaya ne da na itace, kuma ya fi su kyau. Amma ka zauna ka yi tunanin Baffanka rataye a falon mutanen da ba su san sunansa ba. Ke kuma Murja, da kika ɗauke shi kika kai gidan mijinki kin yi daidai, bakinki ne bai yi daidai ba. Ba a kiran yaya ɓarawo gaban matarsa. Wata takwas ba ku gaisa ba, kuna zuwa duba ni kamar masu karɓa-karɓa, kuna zaton ban lura ba. Ciwon hannu gare ni, ba makanta ba. Hukuncina shi ne: yumɓun ya dawo rumfa, a rufe shi da zane, ba a ɗora masa fata sai ta mai shi. Ranar da Maliki ya koma ga Allah a fasa shi.

Na huɗu. Fuskar fata damina uku take yi, gumi ya cinye ta. Wadda ke gare shi ta tsage ta wajen hanci, kuma wata biyu ke nan ya koma ɗaki. Ko ciwon nan nawa bai zo ya gani ba, sai dai aike. Yana da jikoki yanzu, ba na son su san shi ta bayan ƙofa.

Ku yi masa sabuwa. Aikin nan mutum ɗaya ba ya yin sa. Sai wani ya ja fatar ya riƙe ta ta baya da ƙarfi, wani yana dannawa da ƙaho kafin ta sha iska. A da ni nake ja, Murja na dannawa. Maliki kuwa bai yarda bare ya ga yumɓun ba, don haka babu wanda za a ɗauko haya. Sufyanu, hannunka ya fi nawa ƙarfi ko a ƙuruciyata. Fatar da na zaɓa tana ƙarƙashin katifata. Ku jiƙa ta da hantsi, ku shanya a inuwa, kada ku yi gaggawar cire ta daga kan yumɓun. Ba sai kun shirya da juna kafin ku fara ba. Ku fara kawai, wanda ya riƙe wa ɗan'uwansa fata awa biyu dole ya ce masa wani abu, ko da "matsa nan" ne.

Ina da kyakkyawan zato gare ku, don na san abin da na haifa. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa hannuwanku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji tausayinku. Ku riƙe Innarku, ku riƙe juna, kada gidan nan ya rabu biyu a bayana. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini.

Idan kun gama, ku kai masa tare, ku ɗauko shi da rana tsaka, ku biyo da shi ta cikin kasuwa. In kun same ni da rai, ku shigo mini da shi in gan shi. In kuma kun tarar an shimfiɗe ni a ƙofar gida, ku buɗa masa hanya ya tsaya a sahun gaba.