Hoton da ka aiko da jar ƙasar Bungudu

Zuwa ga ƙanena Sani,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, yaya karatu, yaya sanyin Turai? Ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan Tsafe ƙalau muke.

Ka tuna hoton duniyar nan mai nisa da ka yanko mana daga mujalla? Kai ka rubuta cewa ba wanda ya taɓa ganinta, rangajin tauraronta kawai masana suka auna, jajayen duwatsun kuma mai zane ne ya ƙaga.

To, Kawu Bala ya ara bai mayar ba. Ranar Litinin na iske shi a tashar Gusau, ya manna hoton a kwali, yana sayar da jar ƙasa ƙulli-ƙulli. Wai daga waccan duniyar ka aiko, tana maganin ciwon baya! Wallahi ƙasar Bungudu ce. Da na yi magana, sai ya ce, "Ladi, ke kin je can ne?" Tir! Takaici ya hana ni cin abinci.

Ka rubuto masa da kanka. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hauwa. Inna ma tana gaishe ka, wai bayanta ya yi sauƙi tun da ta fara shafa ƙasarka.

Yayarka,
Ladi