Abokin Kawu Ya Iso Bayan Jana'iza

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ƙafar da ka ce tana damunka? Yaya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau, sai kewar Kawu Isufu.

Akwai abin da ban iya gaya maka ta waya ba. Malam Bello ya zo daga Najeriya, abokin nan na Kawu da sunka daɗe suna musayar ɗaliban tattalin arziki tsakanin jami'o'insu. An tsai da shi a kan iyaka, bai iso ba sai da maza sunka dawo daga maƙabarta. Ya zauna a zaure, ko ruwa ya kasa sha.

Da zai tafi ya sa na kira masa ɗiyata Hadiza. Ya ce, "Ɗiyata, kakanki ya yi mini maganar ƙaro karatunki a wurinmu. Amma yarjejeniyar jami'o'inmu ta ƙare, shi marigayin ke ta faman a sabunta ta. Ni na yi ritaya, waɗanda sunka gaje mu kuwa ba su san juna ba. Ba zan yi miki alkawarin da ban iya cikawa ba."

Ta ce, "Ba komai, Baba," ta shige ɗaki. Har yau jakar tafiyarta tana nan a ɗaure, na kasa ce mata ta kwance.

Ka sa Kawu a addu'a, ka sa Hadiza. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Zuwaira