Masu Haƙar Kwal a Jana'izar Baba Kansila

Laraba da dare, Coal Camp, Inugu

Yau muka binne Baba Kansila. Tun ina yaro shi ke tsaya mana a majalisar gari, famfon bakin masallaci ma shi ya kawo. Sai ga shi ya rasu bayan rikicin ƙabilancin nan ya watsa unguwa, kowa ya bi jirgi ya yi Arewa. Daga tsofaffi sai ni mai ciwon baya. Wa zai haƙa kabari?

Ana cikin yi masa wanka Hajiya Ladi, tsohuwar unguwarmu, ta shigo a guje: "Ku rufe ƙofa! Ga su nan da diga da shebur!" Wallahi na sadaƙar. Na yi kalmar shahada, na rarumi taɓarya kamar za ta tsinana wani abu.

Ashe Okafor ne, maƙwabcinmu mai haƙar kwal, da abokan aikinsa. Ya ce, "Malam Sani, haƙa ai sana'armu ce. Da aka kore mu daga aiki, tsohon nan ne ya dawo da mu. Nuna mana wuri kawai."

Suka yi ta zurfafawa kamar kwal suke nema, har liman ya ce, "Ya isa haka, bayin Allah!" Ya nuna musu yadda ake fitar da 'yar kabari, ramin cikin da ake kwantar da mamaci. Na yi dariya a maƙabarta, Allah ya yafe mini.

Ɗazu matata Binta ta ce, "Malam, in ƙarasa ɗaure kayan tafiyarmu Arewa?" Na ce ta kwance babbar tukunya tukuna. Jibi sadakar uku, kuma da su Okafor za a ci.