Matata Tana Murguɗa Mini Baki da Ɓari Ɗaya

Malam, a taimaka mini. Ina sanar da kai cikin alhini cewa bayan shekara sha tara da aure, matata Bilkisu ta fara murguɗa mini baki. Shekaranjiya na ce gishiri ya yi wa miyar kuka yawa, ta ce ita ba ta ji ba. Washegari na tarar bakin ya karkace hagu, har yau bai dawo ba. Na karanta littattafan zaman aure da dama, ban ga inda aka yi murguɗar kwana biyu ba hutu ba. Ko shayi take sha sai ta bar shi ya zubo ta gefe, don dai ta nuna mini. Idon dama kuma ba ta rufe shi, ko tana gyangyaɗi yana kaina. Ta ce bayan kunnenta ke ciwo, na ce ba yau na fara jin uzuri ba. Gwaggonta ta zo daga Darmanawa, ta ce aljani ne ya mare ta, an cika gidan da hayaƙi. Ni dai na ƙaurace wa girkinta, na kira yayanta Ashiru ya zo ran Asabar ya tafi da ita ta huce. Ko na yi sassauci da yawa?

Magidanci Mai Haƙuri, Gyaɗi-Gyaɗi

Mai Haƙuri, ajiye littattafan, ka tsayar da adaidaita sahu. Kana zaune kusa da asibiti, ka kai ta yau, ba Asabar ba. Abin da ka zayyana ya yi kama da shanyewar jijiyar da ke motsa ɓarin fuska. Jijiyar tana taɓa ɗanɗano, ga amsar gishirinka nan. Magani ya fi aiki a kwanaki ukun farko, ka riga ka cinye biyu a fushi. Idon da ka ce yana gadinka kasa rufuwa ya yi, in ya bushe zai iya samun illa, hayaƙin Gwaggo kuma ƙara masa yake. A yi addu'a, a kashe kaskon. In hannu ko ƙafa ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ka ruga da ita nan take. Yawancin masu wannan lalura suna warkewa.

Ban ga laifinka da ka tsargu ba, fuska muke karantawa dukkanmu. Laifinka shi ne ta ce ciwo take ji, ka ce uzuri ne. Ka ba ta haƙuri, ka ci tuwonka, Ashiru ya zo dubiya.

Bara na rubuta a nan cewa duk matar da ta murguɗa baki, mijinta ne ya jawo. Na yi kuskure. Amma in ta warke ta yi maka ta gaske, wannan kam kai ka saya. Allah ya ba ta lafiya.